Kafin Ka Sayi "Fifti": Magana da Masu Hoton Tambuwal da Kebbe



Sharhinmu na yau na masu ɗaukar hoto ne, samari da 'yan matan da suka rungumi wannan sana'a a Tambuwal da Kebbe da garuruwan da ke kewaye, irin su Dogon Daji, Jabo, Sanyinna da Kuchi. Amma wanda ba mai hoto ba kada ya murɗa akwatin rediyonsa. Duk wanda ya taɓa aurar da ɗiya, ko ya yi suna, ko walimar sauka, ya biya mai hoto kuɗi, kuma mai yiwuwa an miƙo masa hoton da ya sa shi tsaki.

Kyamarar da ke hannun yaran yanzu ta sauya. A da, babbar kyamara tana da madubi a cikinta, shi ke juyo hoto zuwa idon mai ɗauka, shi ne kuma ke yin ƙarar nan ta "ƙaras" idan an danna. Kamfanin Panasonic ya fitar da marar madubi a 2008, Sony ya kawo A7 mai babbar sansa (farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara) a 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu manyan a 2018. Yau su ne ke shigowa gwanjo daga Legas da Kano da Abuja har su iso hannun yaro a Tambuwal. Yawanci kyamarar na zuwa da ƙaramin gilashi mai zuƙowa, wanda za ka ga an rubuta masa 16-50 ko 18-45 ko 18-55. A filin Idi da hantsi ba ka da abin cewa game da shi. Amma bari magariba ta yi, a ɗauke wuta, a ce ka shiga ɗakin amarya inda fitilar caji ɗaya ce ke rataye a ƙusa. Nan hoto zai fito ko dai dishi-dishi saboda motsi, ko kuma fuska cike da tsaki-tsaki. Yaro ya kai kuka wurin abokan sana'a, amsar kuma kullum ɗaya ce: "Sayi fifti kawai." Suna nufin gilashi tsayayye mai lamba 50mm f/1.8, wanda ba ya zuƙowa, ba ya turawa.

Shawarar tana da gaskiya a cikinta, amma rabinta ne. Ragowar rabin shi ne ke cin kuɗin mutane, shi ya sa na ɗauko zancen.

A jikin kowane gilashin kyamara akwai lambobi biyu. Mai "mm" tana faɗa maka faɗin abin da zai gani: ƙaramar lamba ta kwaso fili mai yawa, babba ta matso da abu kusa ta yanke gefe da gefe. Mai "f" kuma tana faɗa maka iyakar yadda ƙofar haske ke buɗewa. Ka ɗauke ta kamar tagar ɗaki, sai dai lissafinta a juye yake, ƙaramar lamba ita ce babbar taga. Daga f/5.6 zuwa f/4 haske ya ninka biyu, zuwa f/2.8 ya sake ninkawa, zuwa f/2 ya sake. Gilashin da ya zo da kyamararka, idan ka zuƙo shi har ƙarshe, yana tsayawa ne a f/5.6 ko ma f/6.3. Wanda ke buɗewa zuwa f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki goma na wancan. Ma'anarsa a aikace ita ce, a ɗakin da kyamara ke buƙatar 1/15 na sakan kafin ta tara haske, lokacin da ko murmushin amarya ya isa ya ɓata hoto, yanzu za ta ƙifta a wajen 1/150. Gwaggo na guɗa, ƙawaye na tafi, kowa ya fito tsaf. Kada kuma a ruɗe ka da cewa kyamararka na da abin hana rawar hannu. Wannan hannunka kawai yake riƙewa, ba ya riƙe yaron da ke tsalle a gabanka.

To, wannan shi ne alherin gilashi mai faɗin ƙofa, kuma a ƙasar da yawancin hidimominmu na mata sai bayan la'asar suke kankama, a ɗakuna masu ƙananan tagogi, ba ƙaramin alheri ba ne. Da shi za ka ɗauki almajirai suna karatun dare a gindin wuta ba tare da ka kashe musu ido da filasha ba, ko mai tsire da fitilarsa a bakin tashar Tambuwal, ko 'yan tashe cikin azumi, bayan ka nemi izini, don ba kowa ke son a ɗauke shi ba.

Yanzu mu zo ga rabin da ba a faɗa wa yaro. Lamba 50 ba ma'ana ɗaya take da ita a kowace kyamara ba. Akwai masu babbar sansa, faɗinta milimita 36, irin su Sony A7 III, Canon RP da R6, Nikon Z5 da Z6. Akwai kuma masu ƙaramar sansa, wajen milimita 23, irin su Sony A6000 da A6400, Canon M50 da R50, Nikon Z50, da yawancin na Fujifilm. Mafi yawan masu fara sana'a ƙaramar suke riƙe da ita, don ita aljihu ke iya ɗauka. A kan ƙaramar sansa, gilashin 50 yana gani ne kamar 75, a Canon ma kamar 80. Bari mu shiga ɗaki mu auna. Ɗakin da magina ke kira sha biyu-sha biyu bai kai mita 3.7 ba, kuma gado da kabad da jere sun cinye kusan rabinsa. Ka jingina bayanka da bango, amarya na zaune a bakin gado, tsakaninku mita 2.5 idan ka yi sa'a. Da 50 a kan ƙaramar sansa, faɗin abin da za ka kama bai kai mita 1.2 ba. Amarya da ƙawa ɗaya, daga ƙirji zuwa sama, shi ke nan. Uwar amarya ta ce a shigo da ƙannenta su biyar, kai kuma ba ka da inda za ka ja da baya sai dai ka fasa bango. Da 35 a wuri ɗaya za ka samu mita 1.7. Da 23 ko 24 za ka samu kusan mita 2.5, mutum biyar sun shiga har da gefen jere.

Saboda haka ni a ganina, mai ƙaramar sansa da ke aikin cikin gida, gilashinsa na farko ya kasance tsakanin 23 da 35. Mai babbar sansa kuma 35 ya fi yi masa hidima, 50 ta biyo baya. Shi 50 a kan ƙaramar sansa, ko 85 a kan babba, gilashin fuska ne, na mutum ɗaya a tsakar gida ko a situdiyo, kuma a wannan aikin ba a kama ƙafarsa. Kada kuma ka zarce ka ce to bari in sayi 16 in huta. Idan ka matsa kusa da fuska da gilashi mai faɗi haka, hanci zai kumbura, kunnuwa su gudu baya, wanda ke gefe kuma ya fito da faɗin da Allah bai ba shi ba. Ba Hajiyar da za ta yafe maka wannan.

Akwai hanya mai sauƙi ta sanin wanda ya dace da kai, ba ta cin ko kwabo. Ka ɗauki gilashinka mai zuƙowa, ka tsayar da shi a kan 24, ka manna masa salatif, ka yi hidima guda a haka. Wata hidimar ka tsayar a 35, wata a 50. Inda ka ji ba ka takura ba, nan ne lambarka. Ko kuma ka buɗe tsofaffin hotunanka a kwamfuta, kowanne yana ɗauke da bayanin lambar da aka ɗauke shi da ita, ka ga wadda hannunka ya fi komawa kanta.

Sai abu na biyu, wanda ya fi ba ni haushi. Da yawa ba don duhu suke sayen gilashin nan ba, don ya narkar da bayan hoto suke saye, irin wanda ake gani a Instagram da TikTok, mutum ya fito raɗau, bayansa kuma ya zama hazo. Daga ranar da gilashin ya iso, sai a kafe shi a f/1.8, ba a sake taɓa shi. Alhali duk lokacin da ka wangale ƙofar haske, zurfin wurin da ke fitowa tangaran yana tsukewa. Da 50 a f/1.8 a kan babbar sansa, idan mutum na nesa da kai mita 2, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 17 ba, tsawon tafin hannu. Da 85 kuwa wajen santimita 6 ne. Ango ya ɗan karkata kai, ido ɗaya ya fito, ɗayan ya tafi.

Ku kwatanta wannan da hoton bayan ɗaurin aure a ƙofar gida. Dattawa na zaune a sahun gaba, waliyyai a tsaye a bayansu, abokan ango a sahu na uku. Daga gwiwar na gaba zuwa hular na baya ya kai mita ɗaya da rabi. Mai hoto na nesa mita 4, gilashi a wangale, zurfin da yake da shi bai kai santimita 70 ba. A ɗan allon kyamara komai lafiya. Sai an wanke hoton an saka a firam, kawun ango da ya taso tun daga Jega ya duba ya ce, "Yaro, mi as sa huskata ba ta hito ba?" Ba ka da amsa, kuma ba a sake ɗaura auren don ka gyara. Da ka matse ƙofar zuwa f/5.6, zurfin zai haura mita 2, kowa ya samu shiga. Hoton taro a waje, f/5.6 zuwa f/8. Mutum biyu ko uku a layi ɗaya, f/2.8. Ita f/1.8 a ajiye ta sai duhu ya matsa, ko mutum ɗaya ne a gabanka kuma ka tabbatar saiti ya zauna a kan idon da ya fi kusa da kai. Ƙari a kan haka, yawancin gilasan nan masu sauƙin kuɗi sun fi kaifi idan aka ɗan matse su zuwa f/2.8 ko f/4.

Har manyan masu fim sun sha wannan wahala. Lokacin da Stanley Kubrick ya yi fim ɗinsa Barry Lyndon, wanda ya fito a 1975, ya so ya ɗauki wasu fitowa da hasken kyandir kaɗai, sai ya samo gilashin Zeiss mai f/0.7, irin wanda aka ƙera wa hukumar NASA ta Amurka. Haske ya samu, amma dole 'yan wasa suka riƙa takaita motsi, don kaɗan mutum zai gusa ya fita daga saiti.

Game da saitin, kyamarorin yanzu suna neman ido da kansu, kuma suna ƙoƙari. Amma cikin cunkoso sukan kama fuskar da ta fi kusa, wato yaron da ya kutso gaba yana leƙe, su bar Hakimi da rawaninsa. Amawali da tabarau da mayafin da aka ja har goshi duk suna rikita su. A irin wannan wuri ka mayar da saiti ɗigo ɗaya, ka ɗora shi da hannunka inda kake so.

Akwai kuma wata asara da ba a lissafawa. Bayan hoton nan da ake narkarwa, shi ne fa jeren da uwa ta shekara tana tarawa, shi ne zauren kaka, da rumbu, da darbejiyar ƙofar gida. Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948, mafi yawan aikinsa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, yana rataya zane mai fure a baya, ya ajiye rediyo ko babur a gefe. Yau ana baje hotunansa a manyan gidajen tarihi na Faransa da Amurka, kuma abin da ke tsayar da mai kallo har da ɗinkin riga da zanen atamfa da kayan da ke kewaye da mutum. Jikan amaryar yau, idan ya ɗauko hoton nan da shekara arba'in, zai so ya ga yadda ɗakin kakarsa yake a Kebbe. Idan hazo ka bar masa, hoton ba shi da bambanci da wanda aka ɗauka a Dubai.

Rana ma tana da nata hukuncin. A watan Afrilu da tsakar rana a ƙasar Sakkwato, idan ka buɗe f/1.8 ko da ISO na kan 100, kyamara na buƙatar ƙiftawar wajen 1/8000. Da yawa daga cikin masu sauƙin kuɗi, irin su A6000 da M50, iyakarsu 1/4000. Sakamakon shi ne farar shadda ta ƙone fat, aikin da maɗinki ya yi wata yana yi a wuyan babbar riga ya ɓace. Ko dai ka matse ƙofa, ko ka ja mutane inuwa, ko ka sayi filta mai duhu da ake kira ND. Mai bidiyo kuwa, tunda ƙiftawarsa na zaune a 1/50, wannan filta wajibi ce a kansa. Da dare kuma, ƙarƙashin fitilun LED da janareto, idan ka ga ratsi-ratsi na bi ta cikin hoto, ba gilashin ne ya lalace ba. Wutarmu na kaɗawa sau 50 a sakan, don haka ka koma 1/50 ko 1/100, ka kuma kashe ɗaukar nan marar ƙara.

Sai maganar saye. Abu na farko, bakin da gilashi ke ɗaurewa. Kowane kamfani da nasa, har a cikin gida ɗaya ma ana samun saɓani. Canon M50 bakinta EF-M ne, gilashin RF ba ya hawa kanta, nata ma ba ya hawa R50, kuma kamfanin ya daina yin jerin M ɗin. Tsohon gilashin Canon EF yana aiki lafiya a kan su duka biyun idan ka sa adaftar da ta dace, don haka wanda ke da EF 50mm f/1.8 STM tun zamanin kyamara mai madubi kada ya yar. Nikon na da adaftar FTZ, amma tsofaffin gilasansa masu alamar D ba sa saita kansu a kanta, sai da hannu. Masu Sony su suka fi zaɓi, don Sigma na da 16 da 30 da 56, duka f/1.4, ga kuma Viltrox da sauran na Chaina. Akwai masu arha sosai irin wasu na TTArtisan da 7Artisans waɗanda da hannu ake saita su gaba ɗaya. Suna da kyau ga mai koyo da mai ɗaukar abin da ke zaune, amma ranar kamu, amarya na tafe ana liƙi, ba za su jira ka ba. Ka tambaya kafin ka tura kuɗi.

Kada kuma lamba ta ja ka. Canon RF 50mm f/1.8 ya fito a kan dala 199, nauyinsa giram 160. Ɗan'uwansa f/1.2 ya fito a kan dala 2,299, nauyinsa giram 950. Kuɗi ya ninka fiye da goma, haske kuwa ninki biyu da ɗan ɗoriya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, wannan tazara ta zama kuɗin babur har da canji. Mai aikin suna da walima a Sanyinna, da ya zuba kuɗin nan a gilashi ɗaya, gara ya sayi f/1.8, ya ƙara da batir biyu, da katin ajiya mai kyau, da filasha da zai riƙa harbawa silin haske ya dawo a tausashe. Domin gilashi mai faɗin ƙofa yana tara hasken da ke akwai ne, ba ya gyara mummunan haske. Fitila ɗaya a tsakiyar rufi za ta bar duhu a kwarmin ido ko da wane gilashi ka zo.

Idan na hannu za ka saya, zuwa da kai ya fi aike. Ka kunna tocilan wayarka ka haska ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Amma idan ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, funfuna ce, takan kama kayan da suka daɗe a wuri mai laima irin Legas, ka ajiye musu abinsu. Ka murɗa zoben saiti ka ji ko yana cijewa. Ka ɗora shi a kan kyamararka, ka ɗauki jarida manne a bango a f/1.8, ka duba kusurwa huɗu, idan gefe ɗaya ya fi ɗaya dishi-dishi to ya taɓa faɗuwa. Mai bidiyo ya saurari motar saitin, wasu suna da ƙarar da makirfo ke kamawa.

Gilashi tsayayye yana da wani tarko a ƙasarmu. Tunda ba ya zuƙowa, za ka riƙa jin sha'awar cirewa da sauyawa, alhali kyamara marar madubi da ka cire gilashi sansarta a fili take. Cikin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko a filin da dawaki suka tayar da ƙura, sauyi ɗaya ya isa ya bar maka ɗigo a sararin saman kowane hoto. Ka kashe kyamara tukuna, ka kifa bakinta ƙasa, ka yi sauyin a cikin ɗaki ko mota. Kada ka hura da baki, kada ka goge da gefen riga, ɗan famfon roba ake amfani da shi. Kada kuma ka bar jaka a cikin mota a rufe lokacin bazara.

Kuma a faɗi gaskiya, akwai wurin da tsayayyen gilashi ba shi da ta cewa. Hawan Sallah, taron siyasa inda 'yan sanda suka ja igiya, wasan ƙwallo, ko bikin kamun kifi na Argungu da ke maƙwabtaka da mu, duk wurare ne da ba ka da ikon matsawa, kuma haske ya wadata. Nan mai zuƙowa ne sarki. Don haka kada ka sayar da wanda ya zo da kyamararka don ka cika kuɗin sabon.

Ku kuma iyayenmu da ke ɗaukar mai hoto, kuna da haƙƙi. Kafin taro ya watse, ku ce ya buɗe hoton jama'a ya faɗaɗa muku fuskar wanda ke sahun ƙarshe ku gani. Kai kuma ƙanena mai kyamara, kafin ka tura wa kowa kuɗin "fifti", ka duba girman sansarka da sunan bakin kyamararka, sannan ka auna ɗakin da ka fi shiga aiki. Idan ƙaramar sansa ce kuma aikinka na cikin gida ne, 23 zuwa 35 za ka nema.